Yadda ake fitar da Zhu Bajie a dandali: hali, fuska, tumbi da manjagara

Wanda zai shirya wasan kwaikwayo daga littafin Sinawa na Xiyouji, wato Tafiya zuwa Yamma, yakan fara zuba hankalinsa a kan biri Sun Wukong, tunda shi ne mai tsalle da sandar tsafi. Amma ranar wasa dariyar 'yan kallo a hannun Zhu Bajie take, mutumin nan mai kan alade da ƙaton tumbi. Idan ya fita daidai, wasa ya tashi. Idan aka mai da shi wawa zalla ko dabba mai gurnani, kafin minti goma an gaji da shi.

A fara da sanin ko wane ne shi. Littafin yana da babi 100, ana jingina shi ga Wu Cheng'en, kuma bugun da ya fi tsufa a cikin waɗanda suka rage shi ne na 1592 a birnin Nanjing, zamanin daular Ming. Tushensa tafiyar malamin addinin Buddha ne, Xuanzang, wanda ya je Indiya neman littattafai ya dawo Sin a 645. A cikin labarin ana kiransa Tang Sanzang, yana tafe da almajirai uku: Wukong na farko, Bajie na biyu, Sha Wujing na uku. Kafin ya faɗo duniya babban kwamanda ne a sama, mai riƙe da sarautar Tianpeng, da mayaƙan ruwa 80,000 a ƙarƙashinsa. Ya sha ya bugu a wani biki, ya nemi Chang'e ta fadar wata da rashin kunya, aka yi masa bugu 2,000 aka koro shi, ya yi kuskuren hanya ya shiga cikin wata alade mace. Ɗan wasan da ya riƙe wannan a ransa tsayuwarsa ma takan canja, domin ya san mutumin da yake kwaikwayo ya taɓa ba dubbai umarni, kuma bai manta ba.

Kuskuren da masu shirya wasa a wajenmu suka fi saurin faɗawa shi ne su ɗauke shi kamar Kura ta cikin tatsuniya, mai haɗama wadda Gizo ke yi wa wayo. Akwai kama, amma Kura ba ta da aboki kuma ba ta aiki. Bajie shi ke ɗaukar kayan tafiyar a kafaɗa tsawon shekara goma sha huɗu. A ƙauyen Gao, inda ya yi shekara uku yana surukuta, yana huɗa ba da shanu ba, yana girbi ba da lauje ba, har gidan ya yi arziki. A babi na 64 shi ya share hanyar ƙaya, a babi na 67 ya rikiɗe ya zama ƙaton alade ya ture ruɓaɓɓun 'ya'yan wani itace dangin kanya da suka toshe hanyar dutse, aikin da babu wanda zai iya sai shi. A faɗan cikin ruwa ya fi Wukong sakewa. Abin da yake so kuwa abin da kowa ke so ne: ya ci ya ƙoshi, ya yi barci, ya koma wurin matarsa, ya ɗan ɓoye kuɗi saboda gobe. Shi ya sa mutane ke dariya suna ganin kansu.

Fuskar

Kada a yi fuskar da ta rufe kai gaba ɗaya. Tana danne murya, tana tara zafi, kuma tana ɓoye bakin ɗan wasa, alhali rabin barkwancin Bajie a gunaguninsa yake. A yi rabin fuska: goshi, kumatu da dogon hanci, a bar leɓen ƙasa da haɓa a fili.

Kayan aiki: tsofaffin jaridu, fulawa kofi ɗaya, gishiri cokali ɗaya, balan-balan, kwali mai laushi, soso mai kaurin santimita 1, roba mai faɗi irin ta ƙugun wando, da fenti na ruwa. A dama fulawar da ruwan sanyi kofi ɗaya har ta sake, a juye cikin tafasasshen ruwa kofi huɗu ana juyawa minti biyu zuwa uku, kamar ana dama koko. A zuba gishirin, a bari ta huce. Gishirin yana rage saurin fumfuna. A yaga jaridar da hannu, faɗin santimita 3, tsawon 10. Yagawa ta fi yankawa da almakashi domin gefen da aka yaga yana kwanciya ya ɓace, wanda aka yanka kuwa yana barin layi.

A auna kewayen kan ɗan wasa ta goshi, a hura balan-balan ya fi awon da santimita 3, saboda soson da za a manna ciki. A shafa masa ɗan man basilin, a fara manna takarda a rabinsa na gaba. Shimfiɗa biyu, a bari su bushe, sannan a ƙara biyu, har su kai shida. A inuwa ake shanyawa. Idan aka sa a rana iskar da ke cikin balan-balan tana kumbura ta tsaga takardar, da yamma kuma ta motse fuskar ta lotsa. Da damina a ba kowace shimfiɗa biyu kwana guda cur, kusa da fanka in akwai. Wanda ya yi gaggawar jera shida a lokaci ɗaya zai tarar waje ya bushe ciki na ɗanye, bayan kwana uku sai wari.

Bayan shimfiɗa ta biyu ake dasa hancin. A naɗe kwali ya zama kamar gwangwani, faɗin bakinsa santimita 7 zuwa 8, tsawonsa 10 zuwa 12, a yanka gindinsa a karkace yadda ƙarshen zai ɗan ɗaga sama. Littafin ya ce bakinsa dogo ne ƙwarai, kuma akwai sha'awar a kai shi santimita 20, amma da ya wuce 12 nauyinsa yana jan fuskar ƙasa, kuma ɗan wasa ba ya ganin ƙafarsa. A huda ƙofofin hanci biyu a bar su a buɗe don iska. Ramin ido kada ya gaza santimita 4 a faɗi da 3 a tsawo. A manna soso a goshi da saman kumatu. Roba uku ake sawa: biyu a gefe su haɗu a ƙeya, ta uku ta taso daga goshi ta bi tsakar kai. Wannan ta ukun ita ce ke riƙe hancin, kuma ita aka fi mantawa.

Kunnuwa a littafin kamar mafici suke. A yanka su daga soso, tsawo 25, faɗi 18, a zagaye gefen da siririyar waya a rufe da ƙyalle, a ɗinke su a jikin hula. A jikin fuskar takarda ba sa daɗewa, suna yage ta. Wayar tana da amfani na musamman: a labarin, idan sun kusa shiga gari, malaminsa kan ce ya ɓoye muninsa, sai ya kwantar da kunnuwa baya ya cusa hancinsa cikin ƙirji. Kunnen da ke lanƙwasuwa yana ba ɗan wasa damar yin wannan a gaban jama'a, sannan da an ambaci abinci ya manta ya ɗago kai, mutanen gari su watse.

Maganar launi akwai zaɓi biyu. Littafin ya ce fuskarsa baƙa ce, da gajeren gashi, da wani tsiri na gashi mai tauri a ƙeya, kusan kamar aladen daji. Shirin talabijin na Sin na 1986, wanda Yang Jie ta ba da umarni kuma Ma Dehua ya fito a Bajie, shi ya sa duniya ta saba da shi da fuska mai haske da baƙar hula. Mun fi son a bi littafin, domin baƙin yana tuna wa mai kallo cewa wannan halitta ta taɓa zama abin tsoro. Sai dai baƙi wuluk yana shanye haske, idanu da kumatu su ɓace. A yi amfani da ruwan toka mai duhu, a haska kewayen ido da ƙarshen hanci, a shafa wa haɓar ɗan wasa launi iri ɗaya. Tsirin ƙeya kuwa gashin buroshin shara ko igiyar rama da aka warware aka rina sun wadatar.

Tumbi, riga da manjagara

Filo ba ya yin tumbi. Yana zamewa gefe, kuma siffarsa mai kusurwa ce. A ɗinka singileti biyu ɗaya a kan ɗaya, a bar baki a sama, a jera soso da aka yanka da'ira-da'ira, babba a ciki ƙarami a waje, kamar guda biyar, daga faɗin santimita 40 zuwa 20. A bi da auduga a cike gurbin. Nauyinsa kada ya wuce kilo ɗaya da rabi. A sa igiya a ƙasa ta zagaya ƙugu, in ba haka ba duk lokacin da ya zauna tumbin zai hau wuyansa. Tsakiyar tumbin ta sauka ƙasa da cibiya kaɗan, don tumbin da ya hau ƙirji sulke yake kama da shi.

A babi na 18 rigarsa ta auduga ce mai duhu, tsakanin shuɗi da kore, da ɗankwali mai zane a ka. Tela ya yi ta da faɗin hannu, mai buɗewa ta gaba, da ɗamara a ƙarƙashin tumbi. A ɗinka aljihu mai zurfi a cikin wuyan rigar, za a ga amfaninsa a gaba.

Makaminsa manjagara ce mai haƙori tara. Tara ne, ba bakwai ba, ba goma ba, kuma duk wanda ya san labarin zai ƙirga. Babi na 88 ya ba da nauyinta da ma'aunin Sinawa da ake kira jin, jin 5,048, kusan tan uku ke nan a awon zamanin. Ta dandali kuwa a yi ƙotarta da gora ko bututun roba na ruwa mai faɗin milimita 25, tsawon santimita 150. Kan ya zama katako marar nauyi mai tsawon 45, haƙoran na soso mai tauri, tsawon 12, tazarar santimita 5 tsakanin tsakiyar kowane da na kusa da shi. A shafa fentin azurfa. Kada a sa ƙusa ko ƙarfe a haƙoran ko da wasa, saboda mai riƙe da ita ba ya gani sosai ta gefe. Tunda abin ba shi da nauyi, jikin ɗan wasa ne zai ba shi nauyi: ya durƙusa kaɗan kafin ya ɗaga, ya bar jikinsa ya bi ta idan ya kai sara, mai ganga ya buga daidai lokacin da ta taɓa ƙasa. Haka kayan tafiya, kwanduna biyu a sanda irin ɗaukar mai ga-ruwa. A sa ɗan yashi kilo ɗaya a kowane don su yi lilo yadda kaya na gaske ke yi.

Tafiya da magana

Ƙafafu a buɗe, nauyi a dunduniya, tumbi ne ke gaba. Gudu biyu yake da shi. In aiki ne ko sintiri, kamar an ɗaura masa dutse. In abinci ne ko mace, jikin nan duka ya zama marar nauyi. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne abin dariyar, saboda haka a yi ta bitarsa har sauyin ya zama cikin ƙiftawar ido. Gurnani kuwa sau uku ko huɗu a fitowa guda ya isa. Mutum ne mai baki, mai karin magana, mai gardama.

Wurin mayar da maganganun Hausa a kula da yadda suke kiran juna. Yana ce wa Tang Sanzang Shifu, Malam ya dace. Wukong yayansa ne a almajirci, a gabansa Yaya, a bayan idonsa kuwa Bimawen, sunan ƙaramin muƙamin kula da dawaki da aka taɓa ba birin a sama. "Mai tsaron barga" ya ɗauki zafin zagin. Wukong yana ce masa daizi, gaula ko dolo. Shi kuma yana kiran kansa Lao Zhu, Tsoho Alade, da irin jin kan mai ganin ya ga jiya. Sunan Bajie ma'anarsa hani takwas: kayan lambu biyar masu ƙarfin wari irin tafarnuwa, da nama iri uku da ya ƙaurace wa tun da Guanyin, allahiyar jinƙai ta mabiya Buddha a Sin, ta sa shi a hanya ta raɗa masa suna Wuneng. Tun daga nan abincinsa na masu ƙin nama ne, don haka kada a miƙa masa cinyar kaza a dandali. Shinkafa, burodin da Sinawa ke turarawa, taliya da 'ya'yan itace su ne nasa. Surukinsa ya yi kukan cewa karin kumallo kaɗai yana cinye burodi sama da ɗari.

Ga dabarar cin abinci: kwanukan roba shida zuwa takwas, kowane da gugguru rabi. Ya ɗaga kwano da hannu biyu, faɗin hannun riga ya kare, ya juye cikin aljihun wuyan nan, ya miƙa kwano wayam yana neman ƙari tun Malam bai gama addu'ar cin abinci ba. Daƙiƙa uku kowane kwano. Idan ya tsaya taunawa da gaske, abin ya mutu.

Fitowar da ta fi dacewa a fara da ita

Babi na 32, sintirin dutsen Pingding. 'Yan wasa huɗu, duwatsu uku na kwali, minti goma sha biyu zuwa sha biyar. An tura Bajie ya duba ko akwai dodanni a gaba. Da ya yi nisa sai ya jefar da manjagara ya juya ya zagi ukun da ya baro, bai san Wukong ya zama ɗan ƙwaro yana maƙale bayan kunnensa ba. Ya sami ciyawa ya kwanta. Wukong ya rikiɗe ya zama tsuntsun nan mai ƙwanƙwasa itace, ya sare shi a leɓe. Bajie ya duba ya yanke hukunci cewa tsuntsun ya ɗauki bakinsa ruɓaɓɓen icce ne mai tsutsa, ya cusa bakin cikin ƙirji ya koma barci, aka sake saransa a bayan kunne. Ya tashi ya ƙara gaba, ya tarar da duwatsu uku, ya gaishe su a matsayin Malam da Wukong da Sha Wujing, ya shiga bitar ƙaryar da zai yi. Wane dutse ne? Dutsen Duwatsu. Wane kogo? Kogon Dutse. Ƙofar fa? Ta ƙarfe ce mai ƙusoshi. In sun tambayi ƙusa nawa, zai ce Tsoho Alade yana sauri bai ƙirga ba. Wukong ya riga shi komawa ya faɗa wa Malam komai, har ya ƙarasa masa ƙaryar da bakinsa.

Abin da ke ɓata wannan fitowa guda ɗaya ne: ɗan wasa ya riƙa nuna wa 'yan kallo cewa ya san abin dariya yake yi. Bajie da gaske yake. Yana auna kowace amsa kamar mai shirin shiga gaban alƙali, yana jin daɗin wayonsa. A bar shi ya yi shiru yana tunani kafin ya samo "Dutsen Duwatsu", fuskarsa ta washe. Tsuntsun a yi shi a kan siririyar sanda mai tsawon mita ɗaya a hannun mai yin Wukong, a fili kowa na gani, kuma ya taɓa gefen hancin kawai, don takarda ba ta jure sara. Kada a tsaya a tonon asirin. An sake tura shi, yanzu duk abin da ya gani, damisa ko icce ko hankaka, sai ya ce Yaya ne ya rikiɗe yana binsa. Wannan juyin shi ke nuna ya ji tsoro amma bai canja ba.

Masu son ƙari suna da babi na 23, inda wata bazawara mai dukiya da 'ya'ya mata uku ta gwada su, aka rufe masa ido ya yi ta lalube, ya wayi gari a ɗaure a bishiya. Akwai babi na 24, inda ya haɗiye ɗan itacen renshen mai tsawaita rai ɗungurungum sannan ya tambayi 'yan'uwansa yadda ɗanɗanonsa yake, abin da ya zama karin magana a Sin kan wanda ya sami abu mai daraja bai san daɗinsa ba. A babi na 76 Wukong ya sauya murya ya ce shi manzon lahira ne, ya tatse ɗan guntun azurfar da ya ɓoye a kunnen hagu. A sa masa kuma amshinsa na kullum: da wahala ta yi tsanani sai ya ce a raba kaya, a sayar da doki, shi zai koma ƙauyen Gao. A bar masa aibinsa na gaske ma, domin a babi na 27 zugarsa ce ta sa Malam ya kori Wukong, kuma shi ɗin ne ya je ya dawo da shi a babi na 31 ta hanyar tunzura shi. Wanda zai rufe da babi na 100 ya tuna cewa da aka ba Malam da Wukong matsayin Buddha, shi aka naɗa shi mai share bagadi, ya ɗaga murya ya yi ƙorafi, aka bayyana masa cewa duk hadayar da aka ajiye shi zai cinye.

Akwai wata fitowa da ba ta cikin littafin a wannan siffa amma ta shahara a jerin gwanon bikin sabuwar shekarar Sinawa: Bajie goye da amarya. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin su biyun. Daga ƙugu zuwa sama shigar amarya, daga ƙugu zuwa ƙasa wando da takalman Bajie. A gabansa ana ɗaura gangar jikin Bajie ta ƙarya, a sunkuye, hannayenta sun koma baya suna riƙe da ƙafafun amarya na tsumma. A yi gangar da kwandon kaba ko waya a cusa soso, kada ta wuce kilo uku, a ɗaura ta da ɗamara mai faɗi a ƙugu da igiya biyu ta kafaɗa a ƙarƙashin rigar amarya. Wuyan a sa masa roba don kan ya riƙa gyaɗawa. Wahalarta ita ce jiki ɗaya ya yi hali biyu: ƙafafu suna tangaɗin gajiya, sama tana fifita cikin natsuwa. Idan kafaɗa ta bi tangaɗin ƙafa, asiri ya tonu.

Kwana biyu kafin wasa a yi bita da cikakkun kaya, da haske irin na ranar. A manna farin tef rabin mita kafin bakin dandali, saboda hancin yana kare masa ƙasa. A gwada murya daga kujerar ƙarshe. In ba a ji, a ƙara yanke ƙasan fuskar da santimita ɗaya. Soso a ciki da takarda a fuska suna tara gumi, kuma gumi yana jiƙa fulawa ta yi laushi, don haka a shafa wa cikin fuskar farin gam na kafinta sau biyu a bari ya bushe, a kuma tsara wasan yadda ɗan wasa zai fita ya cire ta ya sha ruwa duk bayan minti ashirin. A ajiye robar canji, allura da zare, da haƙorin manjagara biyu a bayan labule.